Kwanon Shinkafar Dallae

Ni fa tun farko ban so aikin nan ba. Da shugaban kamfaninmu a Seoul ya ce an ba mu aikin yi wa gidan tarihin garinmu manhajar waya, ya kalle ni yana washe baki, wai tunda ni 'yar can ce ai na fi kowa dacewa, ji na yi kamar in jefe shi da kofin shayin da ke hannuna. Gajiya da garin ce ta sa na bar shi. Gari ne na bakin tekun gabas, dab da iyaka, wanda yawancin tsofaffinsa suka gudo daga Koriya ta Arewa lokacin yaƙi, suka kafa bukkoki a kan yashi da niyyar komawa gida idan ƙura ta lafa. Suna nan har yau, waɗanda suka rage.

Matsalar gidan tarihin ba ɓoyayya ba ce. Motoci na sauke 'yan yawon buɗe ido, su shiga, su ga tsummokara da tsofaffin tukwane, su kasa karanta rubutunmu, su fita neman inda ake sayar da gasasshen kifi. Aikinmu shi ne mu tsayar da su. Baƙo zai ɗaga wayarsa ya saita ta kan abu, sai abin ya motsa a fuskar wayar, murya ta yi masa bayani da harshensa. Tsohon keken ɗinki ya fara juyawa, matacciyar fitila ta kama. Wannan kam na iya shi, ba yabon kai ba.

Abin da ban gaya wa kowa a ofis ba shi ne a ɗakin ƙarshe, cikin akwatin gilashi, akwai wani kwanon tagulla mai murfi da cokalinsa. Na gidanmu ne.

Umma tana ƙaramar yarinya, lokacin yaƙin, aka sa ta a jirgin ruwa daga Arewa ita da mahaifiyarta. Yayarta Dallae aka bari a gida ta kula da kakarsu da ba ta iya tafiya, aka ce mata 'yan kwanaki ne. Tun daga lokacin, duk yamma mahaifiyarsu sai ta zuba shinkafa a kwanon nan, ta rufe, ta tura shi ƙarƙashin bargo a inda daɓen ɗaki ya fi ɗumi, don in Dallae ta iso ta tarar da abinci da zafinsa. Da tsohuwar ta rasu, Umma ta ɗauka daga inda ta tsaya. Ba a zubar da ko ƙwaya. Gari na wayewa a soya ta da ƙwai, ni kuwa da soyayyar shinkafar Dallae na girma, har na tsane ta. Da hannuwan Umma suka daina iya goge tagulla, ta ba gidan tarihi kwanon, ta koma zubawa a wani na farin ƙarfe.

Ranar da na iso garin don fara aiki, muna cin abinci, kwano na uku na can a rufe, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Jinsuk, in na tafi wa zai riƙa zuba wa Yaya?”

Na ce mata ni ko tukunyar shinkafa ba ni da ita a Seoul, daga kanti nake ci, a tsaye ma. Na faɗi haka da zafi, don tambayar ta daɗe tana bina. Ba ta ja da ni ba. Ta ɗebo min kabeji mai yaji ta ɗora a kan shinkafata, ta ci gaba da cin nata. Da ta zage ni ma ya fi min sauƙi.

Aiki ya yi nisa, aka kira zaman duba abin da masu zanenmu suka haɗa. Mai kula da gidan tarihin, Darakta Pyo, dattijo ne mai sanyin magana, shi ma ɗan 'yan gudun hijira. Aka bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya a babban allo har aka zo kan kwanon. Ina kallo murfin ya ɗaga a hankali, farar shinkafa ta bayyana, cokalin ya tashi ya soke a tsakiyarta, ya tsaya cak. Murya ta fara bayanin yadda muke ciyar da matattunmu a ranar tunawa da su.

Darakta har sunkuyar da kai ya yi. Ba wanda ya ga kuskure. Duk kayan tagullar da tsofaffi ke kawowa na bikin tunawa da mamata ne, shi ya sa ma'aikata suka lissafa namu a cikinsu, masu zane kuma suka bi abin da aka ba su. A ƙasar nan ko jariri ya san ba a soka cokali a tsaye cikin shinkafar mai rai. Sun kashe Dallae ke nan, da ladabi da biyayya, kuma Umma na cikin waɗanda aka gayyata ranar buɗe manhajar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a kashe abin nan. Na gaya musu kwanon waye, da abin da ake yi da shi, kunya da fushi sun haɗe min.

Darakta ya ba ni haƙuri sosai, amma bai janye ba. Ya ce rufaffen kwano ba ya tsayar da kowa, sun ga yadda baƙi ke wuce shi kamar ba ya nan, alhali bikin mamata na taɓa zuciyar kowane irin mutum. Sannan ya cire tabarau ya ce, “Malama Maeng, mahaifina ma ya jira nasa uban. Da ya gaji, ya ɗauki ranar haihuwar uban ya mai da ita ranar tunawa da shi. Ba don ba ya ƙaunarsa ba ne. Ke kanki, kin yarda tana raye?”

Ban yarda ba. Na daɗe da binne matar nan a raina, matar da ko hotonta ban taɓa gani ba. Amma na ce masa, “Ko ta mutu, ba ni zan soka cokalin ba, ba kai ba, balle waya. Ƙanwarta ce kaɗai ke da wannan ikon, kuma ba ta soka ba.”

Ya daɗe yana goge tabaraun. Ya ce in yi yadda nake so, amma idan baƙi suka ci gaba da wucewa, za a cire kwanon daga manhajar gaba ɗaya, a ba wani abin gurbinsa.

Na karɓi wannan ɓangaren daga hannun masu zane na yi da kaina. Na jarraba abubuwa da yawa, jirgin ruwa, dusar ƙanƙara, yarinya tsaye a bakin ƙofa, duk na goge, don duk ƙarya ce na ƙirƙira. Abin da na sani kawai na bari. Murfi a rufe, cokali kwance a gefen dama, gefen bargo ya lulluɓe rabin kwanon, wani siririn tururi na fita ta ƙarƙashin murfin. Bayanin ma na datse shi. Muryar na cewa wannan abincin wata yarinya ce da aka bari a gida, ba ta iso ba tukuna, ana ajiye mata. Daga nan sai shiru.

Ranar buɗewa na tsaya a lungun ɗakin ƙarshe. Wasu sun wuce, ba zan ɓoye ba. Amma wata baƙuwa mai furfura, da ban san daga wace ƙasa take ba, ta ɗaga wayarta ta saurara, sai ta kama wayar da hannu biyu kamar mai tsoron kada wani abu ya zube. Mijinta ya zo ya tsaya a bayanta. Wasu suka ga sun tsaya, su ma suka tsaya. Na hango Darakta a bakin ƙofa yana kallo.

Umma ta shigo da rigarta ta zuwa biki, tana dogara sanda. Ta dubi kwanonta, ta ce ba sa goge shi da kyau. Na saita mata wayata. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe a haka, sannan ta juya ta dubi baƙin da ke riƙe da nasu wayoyin, kowa da tururinsa.

“Duk su ma suna gani?”

“Suna gani, Umma.”

“Yaushe yake hucewa?”

“Ba ya hucewa. Duk wanda ya ɗaga waya, da zafinsa zai same shi.”

“Ko ba na nan?”

Na ce mata e. Na faɗa ina sane da abin da duk mai sana'ata ya sani, cewa manhaja ba ta da tsawon rai. Wayoyi za su canza, aikin zai fita daga hannunmu, wata rana baƙo zai ɗaga waya ya ga baƙin allo. Umma ta dube ni irin kallon da take min tun ina yarinya in na ce na wanke hannu, ta gyaɗa kai. Da za mu fita Darakta ya rusuna mata sosai, ya ce kwanon na nan daram a manhajar.

Da yamma ta zuba abinci kwano biyu. Na jira, ba ta tashi ba. Na miƙa hannu zan ɗauko na ukun daga kan kanta, ta riƙe min wuyan hannu ta ce in bari, yau baƙi sun ciyar da Yaya, ita ma ta huta. Ta ci abincinta tas, har da ƙari, abin da na daɗe ban ga ta yi ba. Ni ce ban taɓa nawa ba. Abin da na yi shekaru ina fata ke nan, ga shi ya zo, kuma baƙin ciki ne kawai ya cika ni.

Washegari ta haɗa min kaya kamar kullum, ta ɗaure bakin jakar da kanta, ta hana ni taɓawa. Sai da na isa ɗakina a Seoul na kwance. Ga busasshen kifi, ga robar kabeji, ga man riɗi a kwalba. A can ƙasa, naɗe cikin tawul, kwanon farin ƙarfen ne da murfinsa da cokalinsa.

Na zauna a ƙasa da shi a cinyata har ƙafata ta yi tsami. Sannan na wanke shi, na sa takalmi, na sauka neman inda ake sayar da tukunyar shinkafa.