Likitan da Manga Ya Zaɓa

Auduga ta kuɓuce daga hannun Likita Simeon ta faɗa cikin kwanon ruwan ɗumi. Ya ɗauki wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Hannun nan da ya yi shekara da shekaru yana ɗinke mutane, yau rawa yake yi, ya kasa riƙe abin da bai kai nauyin gashin kaza ba.

Malam Manga yana zaune a kan benci, ƙafarsa ta hagu a kan wata 'yar kujerar katako. Sai ya ɗaga kai ya ƙura wa bishiyar mangwaro ido.

"Manga, ka gani ko?"

"Ban ga komai ba."

"Ƙarya kake yi, tsohon banza. Kai da kake gane saniya mara lafiya tun tana kan mota."

Haka suke, kowa a layinmu na Majidaɗi ya sani. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Likita Simeon mutumin Zing ne, ya ƙare aikinsa a asibitocin karkara, da ya yi ritaya ya dawo Jalingo shi da matarsa Alisabatu. Manga kuwa dillalin shanu ne a kasuwar Iware, Bafulatani na ƙarshe, irin wanda ko ƙaya ta shige masa ido za ka tambaye shi ya ce maka, "Jam, lafiya lau." Ga shi da ciwon suga, ga gyambo a ƙarƙashin babban yatsa wanda yake warkewa ya dawo. Yayansa da irin wannan ciwo aka kai shi wani asibiti, ya dawo da ƙafa ɗaya. Tun ranar Manga ya rantse babu likitan da zai ga tafin ƙafarsa sai Simeon, don shi kaɗai ne ba ya yarda in ya ce lafiya lau.

Matarsa Hajaratu ta yi magana har bakinta ya gaji. "Malam, Likita fa ba shi da lafiya. In ta Allah ta kasance, wa zai duba ka?"

"Wanda ya halicci ƙafar," in ji shi. Daga nan ba ka ƙara jin komai.

Ranar da audugar ta faɗi, Alisabatu ce ta ƙarasa naɗe bandeji, mijinta yana nuna mata. Da ta shiga ciki sai Likita ya jingina da bango yana haki. Idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ina neman alfarma," ya ce. "Likita ba ya duba kansa. Ina son in samu wanda zai riƙe ni, na kaina, wanda zan je wurinsa kullum. Amma idona ya mutu. Kai za ka zaɓa mini."

"Ni? Me na sani a kan likitoci?"

"Ka san mai gaskiya, ka san mai cika baki. Ka raka ni kawai. Kada ka kira ni Likita. Ni manomi ne daga Iware, sunana Baba Simeon. Yaran yanzu ba su san ni ba."

Manga ya dube shi. Mutumin nan bai taɓa roƙonsa ko allura ba. Ya ce, "To."

Wayyo, likitocin Jalingo sun ga ta kansu a wannan damina! Tsofaffi biyu a bayan keke mai ƙafa uku, ɗaya da tsohuwar hular saƙa, ɗaya da sanda da carbi, suna bin asibitoci kamar masu neman sa na layya. Dabarar Likita guda ce. Duk wanda ya tambaye shi me ke damunsa, sai ya ce, "Lafiya lau, ɗan kasala ne kawai." Manga yana gefe, ya kafa ido.

Na farko saurayi ne mai fara'a, ga layi har waje. Ya tambaya, aka ba shi amsa, ya rubuta maganin ƙarin jini, ya ce a shigo da na gaba.

Suna fita Manga ya buga sanda a ƙasa. "Wannan ko launin idonka bai gani ba! Ka ce lafiya lau, shi kuma ya yarda. Wa yake zuwa asibiti don yana lafiya lau?"

"Mutane sun yi masa yawa, Manga."

"To su ishe shi. Ba mu saya ba."

Na biyu babban mutum ne, ya san aikinsa, don ya taɓa cikin Likita fuskarsa ta canza nan take. Sai dai daga nan ya juya ga Manga yana ta zuba bayani, rabi Turanci, yana cewa "tsohon nan" kamar mai ciwon ya riga ya bar ɗakin.

"Ya iya aiki," in ji Likita a cikin keke.

"Ya iya. Amma da ni yake magana. Ni ne mara lafiyar?"

Likita ya kalli ƙafar Manga, wadda ya miƙe a hankali don kada ta taɓa ƙarfen keken. 

Sun ga wasu bayan waɗannan. Wani Manga ya ce hannunsa sanyi, wani ya ce yana amsa waya. Har Alisabatu ta fara faɗa. "Malam Manga, kai da abokinka za ku kashe ni. Mutum ba ya iya shan kunu, kullum kuna kan titi!" Gyambon kuwa ya fara wari. Manga ya sani, Hajaratu ta sani. Ya sayi takalmi mai rufi wanda ya fi ƙafarsa girma, ya ci gaba da cewa jam.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwa suka haye gada zuwa unguwar Nukkai, suka shiga wani ƙaramin asibiti mai ɗaki huɗu da bishiyar gwaiba a ƙofa. Da Manga ya ga likitar sai ya ja tsaki a ciki. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Dakta Jemima sunanta.

"Sannunku, Baba. Me ke tafe da ku?"

"Lafiya lau, 'yata. Ɗan kasala ne kawai."

Ta ajiye biro. Ta jawo kujerarta ta zagayo tebur har gwiwarta ta kusa taɓa tasa.

"Baba, mai kasala ba ya hawo keke har Nukkai da sassafe. Bari in ga idonka."

Ta duba ido, ta juya tafin hannunsa, ta murza hannayenta suka yi ɗumi kafin ta taɓa cikin. Ta daɗe tana tambaya, yana amsawa. Can sai ta ce, "Kana so in yi magana a gaban abokinka?"

"Shi ne idona."

"Baba, ina jin ka riga ka san abin da ke hantarka. Ba zan yi maka ƙarya in ce zan warkar da kai ba. Amma zan iya sa ka yi barci, ka sha kunu, ciwon ya bar ka ka yi hira da mutanenka. In ƙafa ta gaza, ni zan zo gida."

Manga ya sunkuyar da kai. Shi dai ranar ya fara jin maganar a fili, kuma ta buge shi. Da suka miƙe za su fita sai ta ce, "Baba mai sanda, kai kuma me ya sami ƙafarka ta hagu?"

"Lafiya lau."

"Uhm," ta ce. "Allah ya sa."

A hanyar komawa suka hau gada. Kogi ya cika, ruwan ja wur. Sai Manga ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ita ce."

"Yarinya ce fa."

"Na ce ita ce."

"Ka tabbata? Za ka iya ba ta amanar mutumin da kake ƙauna?"

"Wallahi ko ɗana na cikina ne, ita zan kai wa. Ba ta yarda da lafiya lau ba, kuma ba ta ɓoye maka gaskiya ba. Me ya rage?"

"To, ka faɗa da bakinka," in ji Likita. Ya jingina kai da ƙarfen keke ya lumshe ido, har da ɗan murmushi.

Dakta Jemima ta cika alkawari. Da ƙafa ta gaza, ta riƙa zuwa da yamma bayan ta tashi aiki. Likita ya samu barci. Ya sha kunun gyaɗa, ya yi wa jikokinsa faɗa, har ya sa aka fito da shi ƙarƙashin mangwaro suka yi musu da Manga a kan wanda ya girmi wani. Duk sanda ta zo, Manga sai ya naɗe ƙafarsa a ƙarƙashin benci. Ita kuma ta gaishe shi ta wuce, ba ta ƙara tambaya ba.

Ran wata Lahadi da hantsi, ana jin waƙa daga cocin bayan layi, Alisabatu ta leƙo ta katanga. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam Manga, zo ka zauna da abokinka."

Ya shiga ya zauna a bakin gado. Numfashin yana zuwa yana tsayawa. Manga ya kama hannun nan mai rawa, ya ji yau ya daina rawa. Likita ya buɗe ido da ƙyar.

"Yaya ƙafa?"

"Jam."

"Maƙaryaci," in ji Likita, a hankali ƙwarai.

Ita ce kalmarsa ta ƙarshe da wani ya ji. Kafin a taso daga coci ya cika, fuskarsa a sake kamar wanda ya sauke kaya.

An yi jana'iza, layinmu ya cika, Kirista da Musulmi, har da mutanen ƙauyukan da ya yi wa aiki tun ba a haifi wasunmu ba. Manga ya tsaya a kan ƙafa ɗaya da sanda har aka gama. Da aka watse, aka kwashe rumfa da kujeru, ya koma gida ya kwanta da zazzaɓi. Hajaratu ta zauna a bakin ƙofa tana hawaye, don ta san abin da zazzaɓin yake nufi, ta kuma san mijinta.

Da la'asar Alisabatu ta yi sallama, da baƙin zanenta, riƙe da 'yar kujerar katakon nan.

"Ya ce in kawo maka wannan."

"Me zan yi da ita, Maman Tobiya? Mai ita ya tafi."

Ta ajiye kujerar a gabansa ta zauna a tabarma. "Malam Manga, kai da wayonka? Tun bara aka gaya masa ciwonsa ba ya jin magani. Maganin rage zafi kuwa, shi da ya rubuta wa dubban mutane, sai ya yi yawon keke zai san sunansa? Kullum kuka dawo sai ya yi amai, ya kwanta kamar gawa. In yi faɗa, ya ce, 'Bar ni, Manga bai zaɓa ba tukuna.' Ya ce in ya nuna maka likita ba za ka je ba. Amma wanda ka zaɓa da bakinka, kunya ba za ta bar ka ka ƙi shi ba."

Manga ya daɗe yana kallon kujerar. Duk ta yi dabbare-dabbare da jan magani, ga gurbin da diddigensa ya goge. Ya tuna gada, ya tuna rantsuwar da ya yi. Haushi ya taso masa, sai kuma dariya ta ƙwace, dariyar ta koma wani abu dabam har ya rufe fuska da hula.

"Tsohon nan ya cuce ni," ya ce. "Shekara nawa ina ciniki, ba a taɓa yi mini irin wannan ba." Ya juya. "Hajaratu, gobe da safe a nemo keke."

Hajaratu ta ce alhamdu lillahi har sau ba adadi, ta tashi ta rasa me za ta ɗauka, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye.

Da safe Dakta Jemima ta ga tsoho ya shigo da sanda a hannu ɗaya, kujerar katako a ɗaya hannun, matarsa a baya. Ba ta nuna mamaki ba. Ta yi masa gaisuwar rashi, ta zagayo tebur.

"Baba, yaya ƙafar?"

Bakinsa ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Ya kalli kujerar. Ya haɗiye maganar.

"Tana ciwo, 'yata. Ta daɗe tana ciwo."

Ya kwance takalmin da kansa. Ta warware bandejin a hankali, ba ta kau da fuska ba ko da warin ya taso. Ta danna nan, ta danna can, ta taɓa jijiyar bayan idon sawu, ta daɗe. Manga ya rufe ido. Fuskar yayansa kawai yake gani.

"Ka yi wasa da ita, Baba, saura kaɗan," ta ce. "Za ka kwana biyu a nan ana yi maka allura, kuma ni da kai za mu yi faɗa a kan shayi da suga. Amma jini yana zuwa. Da ƙafarka biyu za ka koma Iware, in Allah ya yarda."

Hajaratu ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe baki da mayafi. Manga ya dubi Dakta Jemima.

"Useko," ya ce. "Na gode."

Aka kawo kwanon ruwan ɗumi. Ya ɗora diddigensa a gurbin da ya saba, ya juya kai wajen taga. Babu mangwaro a nan, sai gwaiba, ruwan daren jiya yana ɗiga daga ganyenta. Ya ƙura mata ido. Auduga ta taɓa yatsansa, hannun da ke riƙe da ita ba ya rawa.