Inci Uku

Ranar da Auta ta shigo gidana da tef ɗin awo sabo fil a ledarsa, na san abin da ya kawo ta, amma na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da ɗinkina. Shekara ashirin da biyu tef na rataye a wuyana, kowa a dangi ya san ni tela ce, amma ƙanwata ba ta ga ya dace ta ce in ara mata ba. Sai da ta tsaya a kanti ta sayi nata.

Shekara shida ke nan da ɓarin jikin Mama ya shanye, wuyanta kuma ya ƙage, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Tun da aka sallamo ta daga asibiti take ɗakina na gaba. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni na san wane cokali take so. Keken guragu take zama, amma ba ta yarda a kira shi haka, sai dai a ce kujerarta. Don wannan kujerar na sayi wata tsohuwar ƙaramar bas da aka cire wa kujerun baya, aka sa mata gadar ƙarfe da ake saukewa ta ƙofar baya a turo mutum ciki. Mama ta raɗa mata suna Gwaggo, wai don ba ta tashi da safe sai ta yi tari sau uku. Duk Litinin da Alhamis in sauke gadar, in danna kafaɗa in tura Mama sama, in ɗaure kujerar da madauri huɗu, mu tafi gashin ƙashi.

Ita kuwa Auta ran Asabar take zuwa. Ta zo da lemu da ayaba, tana ƙamshin turare, ta zauna awa biyu a gefen gado, Mama ta yi ta dariya har da tafa cinya da hannunta mai lafiya. Ni da nake kwashe mata fo kullum ban taɓa samun irin wannan dariyar ba. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. In na ji su daga ɗakin ɗinki sai in ƙara taka keke da ƙarfi don kada in ji.

To, mijin Auta ya samu buɗi, suka koma sabon gida mai ɗaki a ƙasa da banɗaki mai faɗi. Sai ga shawara: a ba dillalin motoci Gwaggo, Auta ta cika kuɗin, a karɓo wata mai na'urar da ke ɗaga kujera da kanta, sannan Mama ta koma can da zama. Na zuba ido in ji Mama ta ce a'a. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Wannan "to" ɗin ya kwana uku yana ci na.

Dillalin ya ce a auno masa tsayin kujera kafin ya zaɓa mana mota, shi ya sa Auta ta zo da tef. Ta iske Mama tana barcin rana a gado, kujerar kuma na tsakar gida babu kowa a kai. Matashin da Mama ke zama a kansa, mai kaurin nan da likita ya ce kada ta zauna ko minti goma babu shi saboda miki, yana can kan igiya na wanke rigarsa. Auta ta durƙusa da kyakkyawar atamfarta, ta ja tef daga ƙasa zuwa ƙarshen majinginar kai, ta rubuta a wayarta.

"Inci hamsin da ɗaya," in ji ta. "Yaya, daidai ne ko?"

Na san ba daidai ba ne. In Mama ta hau matashinta, kanta na wuce majinginar, tsayin ya zama hamsin da biyar cif. Ba kujera ake aunawa ba, mutum ake aunawa a kan kujerarsa, duk wanda ya taɓa tura mara lafiya ta ƙofa ya san wannan. Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna "to" ɗin nan.

"Ke da tef ke hannunki," na ce, na cije zare.

Lissafina mai sauƙi ne. A je, motar ta ƙi, 'yar gata ta ji kunya a gaban Mama, mu hau Gwaggonmu mu dawo gida, maganar ƙaura ta mutu.

Bayan mako biyu muka je wurin dillalin da hantsi. Fili ne mai shinge, motoci jere, da wani ɗan ofis mai fanka. Na sauke Mama a inuwa. Dillalin, wani mai tumbi da ba ya barin kowa ya ƙarasa magana, ya ce sabuwar tana wurin wanki, yanzun nan za a kawo ta, kafin nan mu gama da takardu. Na sa hannu hankalina kwance, ina cewa a raina takarda ai yagawa ake yi.

Muna fitowa na ga wani dattijo yana zagaya Gwaggo yana shafa ta. A gefensa matarsa ce a kujera irin ta Mama, an lulluɓe mata ƙafafu da zane.

"Ga mai ita nan!" in ji dillalin. "Hajiya, wannan bawan Allah kwana goma sha biyu yana min sintiri. Ya riga ya biya, jira kawai yake ku kawo."

Dattijon ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce wata bakwai matarsa ba ta leƙa ƙofar gida ba sai an ɗauke ta a hannu. Ya roƙe ni in nuna masa yadda ake sauke gadar. A nan ne ya kamata in ce a dakata a ga sabuwar tukuna. Amma in na ce haka, Auta za ta tambaye ni dalili, ita da ke tsaye a bayana tana murmushi, Mama kuma tana ji. Sai na nuna masa. Na nuna masa inda ake dukan sakatar da ƙafa in ta maƙale, da wane madauri ake fara ɗaurawa, da cewa kada ya matsa wa motar da safe sai ta gama tarinta. Matar ta shiga, kanta ya wuce ƙofar da sauran wuri, ta ɗago mana hannu. Ina tsaye Gwaggo ta fita daga filin ta bi titi.

Sai ga sabuwar, ruwan toka, tana ɗigar ruwan wanki. Kyakkyawa ce, wannan ma ya ƙara min haushi. Auta ta karɓi makulli tana rawar jiki, ta danna maɓalli, wani faranti ya sauko ƙasa a hankali ba ƙara. Ta ce, "Yaya, bari ni in tura ta yau." Na matsa mata. Farantin ya ɗaga Mama sama, ita kuwa sai washe baki take kamar yarinya a kan lilo, tana cewa, "Kai, kai, ku ga ikon Allah!"

Auta ta hau ta kama kujerar za ta tura ciki. Goshin Mama ya zo ya tsaya a bayan hannuna. Ni kaina ban san lokacin da na ɗora tafina a kan ƙarfen saman ƙofar ba, amma yana can tun kafin tayar ta motsa. Ƙofar hamsin da biyu ce. Inci uku suka rage.

Auta ta ja baya ta sake gwadawa, kamar ƙofar za ta canza ra'ayi.

"Mama, ɗan sunkuya kaɗan," ta ce.

"Da me zan sunkuya, 'yar nan?"

Dillalin ya ce abu mai sauƙi ne, a zare matashin. Na juya na wanke shi tas, na ce in shi zai zo ya riƙa wanke mikin to a zare. Ya ce shi awon da aka ba shi ya bi, ga shi a waya. Mai ƙofa mafi tsayi sai an yi oda, wata guda ko fiye. Auta ta zauna a bakin motar ta fashe da kuka, tana cewa laifinta ne, ita ce ba ta iya komai ba. Abin da na yi mako biyu ina jiran gani ke nan, ga shi a gabana, kuma ko kaɗan bai yi min daɗi ba.

Dole a ƙaramar motar Auta za mu koma. Ma'aikatan wurin biyu suka ciccibi Mama, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafafu, zanenta na zamewa ina ja mata, ta runtse ido don zafi da kunya. Shekara shida ban bari wani namiji ya ɗauke ta haka ba. Aka naɗe kujerar aka cusa a but ɗin motar. Na zauna kusa da ita a baya ina tallafe da wuyanta.

Mun yi nisa a hanya. Can Mama ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Hannunki ya riga kaina isa ƙofar nan."

Na gyara mata wuya a tafina. Ta ci gaba.

"Ni na ce a nemo mai ɗagawa. Kina tsammani ba na jin nishinki in kina tura ni kan gadar nan? Ba na ganin yadda kike dafe ƙugu in kin juya baya? Cewa na yi in je can wata uku bayanki ya huta, in dawo ɗakina. Motar ma sunanki na ce a sa."

"Mama, ai ba ki gaya min ba."

"Ke kin tambaye ni?"

Muka iso mararrabar da hanyar gidana ta rabu da ta gidan Auta. Auta ta rage gudu, ta dube mu ta madubi da jajayen idanu.

"Mama, ina muka nufa?"

Ina jin nauyin kan Mama a tafin hannuna. Mai motar da ke bayanmu ya fara mana hon.

"Gidanki," ta ce wa Auta. "Yayarki za ta kawo min kayana gobe. Kada ta manta da ɗaya rigar matashin, tana kan igiya."