Ekaran ɗin da Jannatu Ta Ajiye

Ni Ɗahiru, mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a bakin kasuwar Matameye, kowa ya san ni da faɗa, kuma ban musa ba. Mutum ne zai shigo ya ce "injina ya mutu", ka duba ka tarar waya ce kawai ta zare. Wani ya kawo maka kilabiye, allon haruffan nan, wai ka ciro masa wasiƙar da ya buga a kai. Haba jama'a! Bakina har ya gaji da bayani. Amma ranar da Jannatu ta shigo, faɗan nan nawa ban san inda ya shiga ba.

Jannatu matar marigayi Lawwali ce, maƙwabcinmu, wanda yake zuwa cin rani Kano. Daga can ya taho da tsohuwar ordinatar ta tebur, yana ta ɗagawa da ita, yana cewa kwamfuta irin ta mutanen can. Duk hoton da ya ɗauka da salula, a ciki yake juyewa. Wata shekara mota ta kife da su a hanyar dawowa, lokacin ƴarsu Fadila tana goye. Salular da katin shaidarsa duk a nan suka salwanta.

Ta shigo da abu a kai, naɗe cikin zanen atamfa mai kyau. Ta sauke shi a hankali kamar jariri, ta kwance. Ekaran ne, gilashin da ake kallo, babu ko ƙura a jikinsa.

"Malam Ɗahiru, kunna mini shi za ka yi. Fadila ta shiga lakwal, makarantar boko, yara suna ta labarin ubanninsu. Ta dame ni sai ta ga fuskar nata. Na ce mata yau."

"To, Maman Fadila, ina sauran?"

"Wane saura?"

"Akwatin ƙarfen da yake ƙarƙashin tebur. Mai fanka a ciki."

Ta yi murmushi. "Au, wannan? Ai ɓeraye sun yi gida a ciki, ga tsatsa tun daminar da ɗaki ya yi yoyo. Masu sayen ƙarfe suka zo da amalanke kwanan baya, na ba su, suka ba ni robar wanki. Ni dai wannan na killace, tunda a nan yake fitowa."

Na jawo mata benci, na ɗauko wani akwatin da nake gyara, na buɗe gefensa. Na ce mata wannan shi ake kira unite santiral, shi ne ordinatar ɗin gaba ɗaya. Na zaro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu na ɗora mata a hannu.

"Wannan sunansa dis dur. Shi ne rumbun. Hoto, murya, rubutu, duk a nan suke kwana. Ekaran taga ce kawai, abin da akwatin ya aiko yake nunawa. Ba ya riƙe komai."

Ta juya ƙarfen, ta sake juyawa. "Amma da idona na gan shi a nan. Yana dariya, da hularsa a karkace."

"Kin gan shi. Daga akwatin yake zuwa."

"Ko guda ɗaya bai maƙale ba?"

Na girgiza kai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Robar wanki," ta sake faɗa a hankali, tana kallon hannunta.

Na rufe shago, na hau babur na bi masu ƙarfen har inda suke tara kaya a hanyar Ɗan Barto. Babbansu, Abdurrazak, ya saurare ni da kyau, ya ce kayan wancan zagayen an farfasa su da guduma, an loda, sun tsallaka iyaka tuni. Na zazzage shi da masifa ba da laifinsa ba, shi kuwa ya yi ta ba ni haƙuri. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin gidana da na Jannatu katanga ɗaya ce, da ta yi mini tambaya ɗaya kafin ta ba su akwatin, da ta isa.

Na dawo na tarar da ita zaune inda na bar ta. Fuskata kawai ta kalla, ta miƙe, ta ninke zanen ta saɓa a kafaɗa.

"Bar shi a nan, Malam Ɗahiru. Zan ce wa Fadila ana gyara."

Na so in ce kada ta yi haka. Sai dai na ɗauki ekaran ɗin na ɗora saman kantar shago.

Yana can har yanzu. Duk ranar da aka taso daga lakwal, Fadila takan leƙo da jakarta a baya, ta gaishe ni da ladabi, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baba Ɗahiru, yau babana ya fito?"