Banɗakin Lesieli

"To, wa ke da ƙorafi a kan banɗaki? Ya faɗa yanzu, ko ya ja bakinsa har a gama ginin nan."

Craig, manajan aikin, ya yi tambayar ne da lomar burodi a baki. Rana ba ta gama ɗagowa ba, amma tuni zafin Janairu, wanda a ƙasar nan shi ne tsakiyar bazara, ya kwanta a kan unguwar Blacktown. Leburori sun yi cirko-cirko da hulunan kwanonsu, kowa na jira a sallame shi. Kusa da Craig, Taniela ne tsaye, helman masu zuba kankare, wanda aka ɗora wa tsara inda za a ajiye banɗakunan tafi-da-gidanka idan aiki ya koma sabon ɓangare.

Guda biyu tal kamfani ya yi haya wa wannan tarin ƙarti. Ɗaya sakatarsa ta ɓalle tun kafin Kirsimeti, sai dai mutum ya tokare ƙofa da ƙafa. Ɗayan kuwa, abin da aka zana a bangonsa ba ya faɗuwa. Kuma a duk filin mace ɗaya ce, Lesieli, ƙanwar Taniela, mai riƙe allon tsayar da motoci a bakin ƙofa.

"Les, ke fa?" in ji Craig. "Ke kaɗai ce macenmu. Kina shiga lafiya, kina fitowa lafiya?"

Aka bushe da dariya. Taniela ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Su baƙi ne a ƙasar, mutanen tsibirin Tonga. Tun da ya fara zama saurayi bai ƙara kwana ɗaki ɗaya da ita ba, ko a talabijin aka nuno abin kunya, ɗayansu zai tashi ya fita. Ƙanwarsa ce, amma darajarta sama take da tasa, kuma maganar abin da tufafi ya rufe ba a yin ta inda wa da ƙanwa ke tsaye. Shi ne wannan mutumin zai yi mata irin wannan tambaya a gaban idonsa!

"Lafiya lau," in ji Lesieli, idonta a ƙasa.

"Kun ji ko? Shi ke nan, kowa ya kama aikinsa."

* * *

Taniela ya san ba lafiya ba. Yana ganin gorar ruwanta, yadda take zuwa da ita cike haka take komawa da ita cike. Yana ganin leɓɓanta sun tsattsage. Gidan mai mafi kusa, inda za ta iya samun banɗaki, yana can ƙetaren babban titi, hutun shan shayi bai isa a je a dawo ba. Shi ya samo mata aikin nan, kuma da shi take ciyar da 'ya'ya biyu.

Ya bi Craig har ofishinsa mai sanyi.

"A ƙara banɗaki ɗaya. Mai makulli."

"Na wa, Danny?" Sunan Taniela ya yi wa Craig tsawo, ya daɗe da gutsure shi.

"Ana bukata."

"Wa ke bukata? Abokina, a gabanka na tambaya. Nan ƙasar in abu ya dame ka, buɗe baki kake yi. In ƙanwarka ce, ka ce ƙanwarka ce, ka faɗa mini me ke damunta."

Ƙato kamar Taniela, mai saɓa buhun siminti biyu, ya kasa ɗaukar kalma ɗaya. Craig kuwa ya sani sarai. Sau nawa yana wucewa ta gaban ƙofar da ba ta da sakata? Banɗakin da ke bayan ofishinsa ai fes yake, har da sabulu. Bai rasa ido ba, kawai dai shirun ya yi masa arha.

* * *

Ranar babban zubi, zafi ya kai inda kamfani ke tsoron kada wani ya faɗi a kai su ƙara. Craig ya fito da kwalin ruwa, ya ce kowa sai ya shanye gora biyu a gabansa, doka ce. Taniela aka ba rabo.

Da ya iso kan Lesieli, ta girgiza kai a hankali.

"Ki sha, don Allah," ya ce, ganin yadda idanunta suka faɗa. "Dubi bakinki."

Ta karɓa da hannu biyu, ta shanye, Craig na tsaye yana gyaɗa kai.

Motocin kankare suka fara shigowa, wannan na bin wannan. Kankare ba ya jiran kowa, mai riƙe allo kuma ba ya barin ƙofa. Daga saman bene Taniela yana hango ta. Tana sauya ƙafa. Ta ɗaga rediyon hannu ta nemi a karɓe ta na ɗan lokaci, kuma rediyon kowa na ji, har shi.

"Don me?" muryar Craig ta amsa.

Ta mayar da rediyon kafaɗarta.

Taniela ya yar da shebur ya sauko a guje don ya karɓi allon, kankare ya bushe in ya ga dama. Yana isowa ya tarar aikin gama ya gama. Tana tsaye ƙiƙam, allo a hannu, wandonta ya jiƙe ya yi duhu har takalmi. Wani direba ya leƙo ta taga ya danna oda yana dariya.

Idon Taniela ya haɗu da na Lesieli. Da wani ne ya gan ta, ko duk Blacktown ne, da sauƙi.

Taniela ya juya mata baya. Ya cire rigarsa mai ƙyalli, ya miƙa ta baya ba tare da ya waiga ba. Ya ji an karɓa. Ya ji an jingina allon da shinge, sannan takun takalmi ya yi nisa. Bai waiga ba, hawaye na gangarowa cikin ƙurar simintin da ke fuskarsa.

* * *

Ba ta dawo ba. Ranar Lahadi ma ba ta je cocinsu ba, ta koma wani a unguwar Mount Druitt don kada su haɗu.

Labari ya kai kunnen manyan kamfani, suka tsorata. Cikin makon aka kawo sabon banɗaki, mai hoton mace a ƙofa, da makulli, da wurin wanke hannu. Craig ya kira Taniela ya zo ya nuna inda za a sauke shi.

"Ka ga? Da ta yi magana, da tuni," ya ce. "Tunda ba mace yanzu, a riƙa kulle injin huda bango a ciki, ɓarayi sun dame mu."

Ya miƙa masa makullin. Taniela ya ɗauko injin, ya ajiye shi a kan murfin da ba wanda ya taɓa ɗagawa, ya ja ƙofa ya kulle.