Ranar da Na Tsare Maza Tara da Bindiga

Ni Abu Falah, yaƙi uku na gani a hamadar nan ta yamma da Basra, harsashi biyu suna cikin cinyata har yau, kuma ban taɓa zama gaban malami ba. Shi ya sa da jikata Wasan ta gama jami'a, aka ce ilimin koyarwa ta karanta amma ba aji za ta shiga ba, na yi dariya har na ƙware. Wai masu tonon nakiya ne suka ɗauke ta, aikinta ta gano yadda za a koya wa makiyaya irina, da ba su san alif ba, zama da nakiyoyin da sojoji suka bari.

Na ce, "Ke malamar da ba ta da ɗalibai, ni za ki koya wa nakiya? Da wuƙa nake tono su tun ubanki bai yi haƙori ba."

Ta ce, "Shi ya sa yatsunka bakwai, Kaka."

Wata takwas tana bin tantuna. Mata ta koya musu da waƙa, maza ta sa su ɗaure ƙafar juna da igiyar rawani da sanda, suna tsaki. Abu ɗaya ne ya haɗa ta faɗa da kowa. Cewa take idan nakiya ta tashi da mutum, kada kowa ya ruga wurinsa. Mu kuwa a wurinmu, ɗan'uwanka ya yi ihu ka tsaya, gara ka mutu, don jikokinka ma sai an yi musu gori.

Bayan ruwan tsawa muka fita tonon kama, abin nan mai kama da dankali da ke kumbura ƙarƙashin rairayi. Da hantsi ƙasa ta girgiza. Da ƙura ta lafa sai ga ɗana Falah, uban Wasan, kwance taku sittin daga hanya, ƙafarsa ta hagu babu daga ƙauri, jini na tsartuwa. Ruwa ne ya janyo nakiyoyin zuwa inda muka saba bi.

Mizhir, ɗan ƙanena, shi ya fara rugawa. Taku ashirin ya yi, wata nakiyar ta tashi da shi. Takalminsa ya faɗo gabana da abin da ke ciki, wani abu mai ɗumi ya fantsamar mini a gemu. Bai ko yi salati ba.

Maza tara suka zabura za su bi. Wasan ta sha gabansu ta buɗe hannuwa.

"Wallahi ba mai wucewa!"

Ƙanena Jabbar, uban Mizhir, ya kwaɗa mata mari ta faɗi, bakinta ya fashe. "'Yar banza, ubanki ne can yake mutuwa!"

Ta tashi ta riƙe rigarsa. "Na sani, Kaka Jabbar! Ka shiga, gawa uku za a kwasa!" Ya doke ta da gwiwa a ciki, bata sake shi ba. Ta juyo gare ni, haƙoranta jajur. "Kaka, kai kaɗai suke tsoro."

Ɗana ne fa yake kiran sunana. Ƙafafuna sun riga sun fara tafiya. Amma na dubi takalmin nan, na saɓo bindigata, na harba tsakanin ƙafafun Jabbar, ƙasa ta watsu masa a ido.

Na ce, "Duk wanda ya ƙara taku, ni zan cire masa ƙafa kafin nakiya."

Wani saurayi ya gwada ni. Na sa gindin bindiga na farfasa masa hanci, ya zauna.

Wasan ta kira masu tono a waya, sannan ta hau kan mota tana ƙwala wa ubanta kira. "Baba! Ciro igiyar rawaninka! Sama da gwiwa, kamar yadda muka yi! Sa wuƙar tono a ciki, murɗa!"

"Ba zan iya ba, 'yata!"

"Kai da ka fi kowa iyawa? Murɗa, Baba! Kada ka mirgina, akwai wata kusa da kai!"

Ya murɗa yana ihu kamar raƙumin da ake sokewa. Jinin ya tsaya. Duk lokacin da kansa ya fara langaɓewa sai ta tambaye shi sunayen tumakinsa, yana faɗa yana zaginta.

Awa biyu da rabi na tsaya da bindiga a kan 'yan'uwana, Jabbar yana tsine mini yana kuka. Masu tono suka zo suka buɗe hanya taku-taku. Nakiya shida suka ciro kafin su kai ga Falah, huɗu daga ciki a kan layin da mazan nan za su bi.

An fito da shi da rai. Muka binne abin da aka tattaro na Mizhir a maƙabartar birnin Najaf. Jabbar bai ƙara shan shayina ba, kuma a zaman makoki wasu sun ƙi ba ni hannu, wai na tsare maza ɗana na zubar da jini. Su riƙe hannunsu. Falah yana nan bakin tanti da ƙafar roba, jiya ma shi ya yanka mana rago.