Alƙalin da Ke Gani da Kunne

Idon Kefas ya fara mutuwa tun bara, amma duk Zuru matarsa Beatrice kaɗai ta sani. Tsohon soja ne, shi ya koya wa 'yan makarantun yankin besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da gora, a ruga a taka katako kafin ƙwallon ta isa hannun mai tsaro. Shi ne kuma alƙalin wasa. Da yanar ido ta rufe masa gani sai ya koma alƙalanci da kunne: in "fas" ɗin ƙwallo a safar hannu ya riga "dim" ɗin ƙafa a katako, mai gudu ya fita. Wallahi ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

"Baban Glory, ka gaya musu mana," in ji Beatrice.

"In gaya musu, in zauna gida in yi me? Gadin kaji?"

Ranar wasan ƙarshe, 'yan matan Dabai da na Mahuta, ruwa ya yi ta raina wa mutane hankali. A fara, ya sauko. A fake a rumfar kwano, ya ɗauke. Fili ya zama taɓo. 'Yan Mahuta suka ce su dai a gama yau, gobe shuka za su, ba mai dawowa.

Ana kunnen doki Sandra ta Dabai ta rugo katakon ƙarshe, aka jefo ƙwallo, sai ruwa ya ɓarke a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Laka kuma ta haɗiye ƙarar ƙafa. Kefas bai ji fas ba, bai ji dim ba. Inuwa biyu kawai ya ga sun zube.

Kowa ya zuba masa ido. Duk wadda ya bai wa nasara, ba mai musa masa, shi ma ya san haka.

"Ban gani ba," ya ce.

"Haba Baba, a gabanka fa aka yi!" in ji Ezekiel, mataimakinsa.

"Na ce ban gani ba, ɗana. Na daɗe ba na gani."

Ya cire garkuwar fuskarsa ya miƙa wa Ezekiel, sai ya miƙa ta gefen da ba kowa. Kai, abin ba daɗin gani. Ezekiel ya zagayo ya karɓa yana share hawaye.

Beatrice ta ratso lakar ta kama hannun mijinta. Bai taɓa yarda ta ja shi a gaban jama'a ba. Yau bai fizge ba.