Maganin Murjanin Alhaji Fousséni

A duk Sokodé babu mai teku a cikin falonsa sai Alhaji Fousséni, mai manyan motocin kamyo shida da ke dakon kaya tsakanin Lomé da Dapaong. A shekarar casa'in da ɗaya, da aka fara ƙona tayoyi a titunan Lomé, wani Bafaranshe ya tattara ya gudu, ya bar akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri da kifaye da murjani mai rai. Alhaji ya saye shi, ya hauro da shi arewa, ya kafa a gidansa na unguwar Kpangalam. Duk mako biyu mota na kawo masa ruwan teku tano huɗu, wato manyan ganguna. Injin wuta guda aka ware wa akwatin, don kada famfon da ke juya ruwan ya tsaya.

Mutanen unguwar Zongo a wuyan mata suka san murjani. Ba su san yana da baki ba, yana buɗewa yana rufewa, yana jin yunwa. Suka riƙa zuwa kallo, Alhaji yana yi musu bayanin abin da shi ma bai gane ba.

Wanda ya gane shi ne Illiyasu, mijin ƙanwarsa Hadiyya, tsohon malamin kimiyya a lakwal, wato makarantar boko. Alhaji na kiransa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, sai dai yakan ja kalmar yadda mai ji zai tuna da ɗayar ma'anar, ta dabbar da ta mutu ba yanka. Faransancin Alhaji na hanya ne, a bakin jandarmomi ya koye shi, ba ya karanta ko harafi. Kalmar da ya fi so ita ce jamais, wato har abada a'a. Da ita yake sallamar direban da ya nemi hutu.

Ana cikin babban yajin aiki Hadiyya ta tafi Dapaong wankan jegon 'yarsu Jamila. Can zazzaɓi ya kama ta, idanunta suka yi rawaya. Saƙo ya iso Sokodé ɗauke da sunan wata allura da babu ita a can. Illiyasu ya samo allurar a ranar. Abin da bai samu ba shi ne mota, don tasha ta zama wurin kwanan awaki.

Ya tarar da Alhaji a durƙushe gaban akwatin.

"Yaya, tafiyar yini ɗaya ce. In ba za ka ba da motar ba, ka ba ni direba da babur."

"Mushe, man gazuwal ɗin da ya rage na tafiya ɗaya ne. Kuma motar kudu za ta."

"Ɗauko me?"

"Ka san abin da za ta ɗauko."

"Hadiyya ce fa. Uwarku ɗaya."

"Hadiyya ƙashinta da ƙarfi, tun tana yarinya ba ta kwanciya ta wuce kwana uku. Waɗannan kuwa," ya ƙwanƙwasa gilashin da zobensa, "ba su san haƙuri ba. Mako biyar ba a canza musu ruwa ba."

"Yaya, don girman Allah."

"Jamais, Mushe. In ta dawo daga Lomé sai mu gani."

Kwana huɗu Illiyasu ya yi a hanya, wani wuri a kan buhunan doya, wani wuri a ƙasa, yana buɗe jakarsa a kowane shinge ana tambayarsa wane ɓangare yake, na gwamnati ko na masu yaji. Ya isa Dapaong da allurar lafiya lau, ko ɗigo bai zube ba. Ya tarar an binne Hadiyya jiya da la'asar. Jamila ta miƙa masa ƙunshin uwarta: zane biyu, carbi, jan murjanin wuyanta, da wani dogon gwangwani na ƙwayoyin bitamin C, irin mai ɗanɗanon lemo da ke tafasa a cikin ruwa. Shi kaɗai aka samu aka ba ta. Saura bakwai a ciki.

Ranar sadakar arba'in Alhaji ya zo da rago da buhun shinkafa, jama'a suka sa masa albarka. Ba a shafa fatiha ba ya ja Illiyasu bayan ɗaki, ya zaro wani littafin rubutu daga aljihu.

"Na Baturen ne, a cikin kayan akwatin na tsince shi. Murjanin nan duk ya yi laushi, launinsa ya dushe. An ce akwai magani a ciki. Karanta mini, kai ne mai ido."

Illiyasu ya karanta a zuci tukuna. Baturen mutum ne mai tsari. Ya rubuta cewa bitamin C na taimakon murjanin da ya galabaita, amma sai farin gari zalla wanda aka kashe wa tsami, a fara da abin da bai kai kan ƙaramin cokali ba, a jira, a duba ruwa. A ƙasa ya ja layi biyu: ƙwayoyin farmasi masu sukari da tsami, jamais.

Sai ya fassara da ƙarfi, a hankali, da muryar aji. Komai ya faɗa daidai. Kalma ɗaya kawai ya tsallake.

"Ƙwayoyin farmasi?" in ji Alhaji. "Ina za a same su a wannan marra?"

"Ina da bakwai a gida."

"Allah Ya yi maka albarka, Mushe. Ashe karatun naka yana da ranarsa."

Washegari da hantsi Illiyasu ya jefa ta farko. Ta sauka tana tafasa, kifayen suka watse, ruwan ya ɗauki launin lemo sannan ya washe. Alhaji ya tafa hannu. Ƙwaya ɗaya a ruwa mai yawa haka ba ta yin komai, Illiyasu ya san da wannan, bai kuma yi gaggawa ba. Kafin bakwai ɗin su ƙare, Alhaji, wanda ya kasa aika allura ɗaya arewa, ya sa an tsallako masa da katan guda daga Ghana.

Daga ɗaya aka koma uku, daga uku aka koma goma. Kullum Illiyasu na zuwa da kansa. Unguwa ta yaba: ga mutumin da bai riƙe surukinsa a zuciya ba. Liman ma ya kawo misalinsa a wa'azi.

A mako na biyu ruwan ya yi kamar an wanke shinkafa a ciki.

"Mushe, wannan fa?"

"Dattin jikinsu ne ke fita, Yaya. Kai ma in ka sha magani ai sai ka yi gumi."

"To a ƙara?"

"Yadda ka gani."

"A ƙara!"

A mako na uku naman murjanin ya fara saɓulewa daga ƙasa zuwa sama, yana barin farin ƙashi. Alhaji bai taɓa ganin mataccen murjani a ruwa ba. Ya ga fari tas kamar sabuwar shadda, ya aika aka kira abokansa na tasha.

"Ku duba! Da duk sun yi ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar tukunya. Yanzu fa?"

"Tubarkalla, Alhaji. Kamar an goge su da bula."

"Aikin Mushe ne. Ku riƙa girmama masu boko."

Illiyasu na gefe yana shan shayi. Ya karɓi yabon da sunkuyar da kai. Reshe ɗaya ne ya ƙi bin sauran, wani ja mai yatsu biyar a kusurwar hagu. Kwana tara ya ƙara yana buɗe bakunansa. Illiyasu ya riƙa jefa ƙwayar daidai kansa.

Ranar wata Talata da safe aka tarar da kifayen a sama, cikinsu a waje. Warin ya kai har zaure. Alhaji na zaune a ƙasa, hularsa a gefe, yana kuka da sauti, irin kukan da ba a ji ya yi ba ranar da labarin Dapaong ya iso.

"Mushe, me muka yi ba daidai ba? Duk abin da Baturen ya ce mun yi."

Illiyasu ya ɗauko littafin daga kan tebur, ya buɗe, ya durƙusa kusa da shi, ya ɗora yatsa a kan haruffa shida.

"Ka san wannan, Yaya?"

"Ka san ba na karatu."

"Kalmarka ce. Kullum tana bakinka, yau ga fuskarta. Jamais. Baturen cewa ya yi kada a taɓa sa ƙwayoyin nan. Ni kuma na ga kalmar ta gaji, ka yi aiki da ita da yawa, sai na bar ta ta huta."

Alhaji ya daɗe yana kallon yatsan. Sai ya share fuska da hannun riga. Ya miƙe, ya naɗe hannun, ya tura shi cikin ruɓaɓɓen ruwan har kafaɗa, ya ɓalle reshen kusurwar hagu. Ya yi fari kamar sauran.

"Riƙe. Na Hadiyya ne."

Illiyasu bai miƙa hannu ba.

"Duk Juma'a in ta ce maka ta tafi gaida gida, nan take zuwa. Ta shimfiɗa tabarma a nan, ta yi ta kallon wannan har la'asar. Ta ce a gidanka littattafai ne ke magana, a nan kuwa ba mai gyara mata zance. Da ta kwanta a Dapaong, Issifou direbana ya biya ya gaishe ta. Ka san saƙon da ta ba shi? Ba kai ta ambata ba. Cewa ta yi, a gaya wa Yaya kada ya bar jan nan ya mutu kafin ta dawo. Shi ya sa motar ta yi kudu."

"Ƙarya kake."

"Issifou na tasha. Je ka tambaye shi." Ya cusa masa reshen a aljihun riga, ruwan ya jiƙa masa ƙirji. "Ni dai na riƙe mata shi wata biyu bayan ta tafi. Kai ka san abin da ka yi. Fita mini daga gida, Mushe."

Wannan karon bai ja kalmar ba.

Illiyasu ya san Alhaji maƙaryaci ne, duk tasha ta sani. Ya kuma san Hadiyya takan dawo a makare ranar Juma'a, gefen mayafinta da ɗan farin gishiri da bai taɓa tambayar daga ina ba.

Ya wanke reshen, ya shanya, ya sa shi a cikin ƙunshin tare da murjanin wuyanta da gwangwanin da ba komai a ciki. Yajin aikin ya ƙare, motoci suka dawo hanya. Issifou na nan a tasha, kullum da safe a kan benci ɗaya wajen mai shayi, kuma hanyar kasuwa ta gabansa ta bi. Yakan ɗaga hannu ya ce, "Mushe, an tashi lafiya?"

Illiyasu yakan amsa, ya ƙara sauri.